Kwali Biyu a Kujerar Bilkisu

Abu Hail, Dubai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Bilkisu. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare tayoyinku, Ya raba ku da zafin inji da zafin zuciya, amin.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke gari ɗaya da shi. Dalili shi ne, duk ranar da na buɗe baki zan yi maka magana sai ka sunkuyar da kai kan waya kana "to Baba, khalas Baba," wato shi ke nan a Larabcinku na nan, ni kuwa na san ba abin da ya shiga kunnenka. Shi ya sa na rubuta, zan kuma ba Awudu makanike ya ɗora maka ita a kan sitiyari, inda ba yadda za a yi ka tuƙa motar ba ka ɗauke ta ba.

Ka saki fulat ɗinku, ka sayi motar nan mai gado da kicin a ciki, ka ce da sanyin bana za ku riƙa zaga garuruwan ƙasar nan kana sayar da tsofaffin littattafai da faya-fayai, ka samu ɗan ƙari a kan albashinka. Ban hana ka ba. Ina na ga bakin hanawa, ni da na yi wannan haukar tun ba a haife ka ba? Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Shekaranjiya da na zo garejin Awudu a Ras Al Khor ganin gyaran da ake yi wa motar, na leƙa ta taga na ga kwali biyu na littattafai a kan kujerar gaba, kujerar Bilkisu. Tana tsaye a gefe da jakarta, ka ce mata na ɗan lokaci ne, kafin ka samu wuri. Murmushi kawai ta yi. Abba, na san murmushin nan. Na taɓa ganinsa a fuskar mahaifiyarka, kuma saura kaɗan ya raba ni da ita. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ƙananan shirmen da na tafka, don in na fara da babban ba za ka ƙara jin maganata da daraja ba.

Lokacin ina ɗaure kaya a wani sito na kago, inda ake aika kaya ƙasashen waje, a Deira, ban daɗe da ɗauko mahaifiyarka daga Kano ba. Wani Bature da aikinsa ya ƙare ya zo aika kayansa gida, ya ga littattafansa sun yi nauyi, ya ce in ina so in kwashe. Daga baya ma ya sayar mini da tsohuwar motarsa irin taka da araha, don jirginsa ya kusa tashi. Mahaifiyarka ce ta raɗa mata suna Rumbu, wai ba ta taɓa ganin abin da kullum ake zuba masa ba a ɗiba ba sai ita.

Ta yi gaskiya. Garin nan na masu tafiya ne, kowane wata akwai wanda bizarsa ta ƙare yana neman wanda zai raba shi da tarkace. Ni kuwa da na ji an ce kyauta sai hankalina ya gushe. Na kwashi littattafan makaranta da aka daina koyarwa da su, na kwashi mujallun da suka girmi aurena, har da wasu manyan kundaye da daga baya na gane sunayen mutane ne da lambobin waya. Ban taɓa cewa a'a ba, ina ganin rashin kunya ne mutum ya ba ka abu ka tsaya zaɓe. Haka muka nufi Hatta wata rana, muna fara hawan dutse Rumbu ta zauna da gindinta ta ƙi gaba. Aka jawo mu har wurin Awudu, lokacin yana sabon zuwa daga zangon Kumasi, gashinsa baƙi wuluk. Ya zaga motar, ya leƙa ciki, ya ce da irin kiran da mutanen Kumasi ke yi wa aboki, "Chale, Alhaji, motar nan ba ciwo take ba. Ƙoshi ne ya yi mata yawa." Don haka ka ji: kafin ka ɗauki littafi, ka tsaya ka hango fuskar wanda zai saya. In ba ka hango kowa ba, ka yi godiya, ka yi wa mai shi addu'ar sauka lafiya, ka bar masa abinsa.

Sai maganar wurin baje kaya. Ranar wata Juma'a na shimfiɗa tabarma a ƙofar wani masallaci a Sharjah, na jera littattafai da kaset-kaset, na zauna ina jiran a sallame, kamar dai yadda ake yi a gida. Ban san nan ba a kasa kaya sai da takardar izini ba. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo cikin ladabi, suka kira ni habibi, wai masoyinsu, suka taya ni naɗe tabarmar da hannunsu, sannan suka miƙo mini takardar tara. Ban taɓa ganin mutanen da suka ci ni tara da fara'a irin wannan ba, har godiya na yi musu. Kai yanzu kana da waya da za ka tallata kayanka, akwai kuma kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako inda ake kama tebur. Ka tsaya a nan, ka nemi duk takardar da aka ce a nema, kada ka ce ai ɗan lokaci ne.

Rana kuma, kada ka raina ta don an haife ka a cikinta. Na taɓa samun manyan faya-fayan garmaho baƙaƙe, irin waɗanda na ji yanzu samarin Turawa na rububinsu. Na jera su a bayan gilashin gaba don masu wucewa su gani, na tafi cin abinci. Ko da na dawo duk sun lanƙwashe sun zama kwanuka. Ɗaya daga ciki shi ne baƙin kwanon da mahaifiyarka take zuba wa baƙi dabino, wanda kake tambaya kana yaro me ya sa yake da huda a tsakiya. Littafi ma zafi narkar masa da gam yake. Wata rana littattafai biyu suka warwatse mini a ƙasan mota, na tattara shafukan na manne su yadda na ga dama, tunda girmansu ɗaya. Wata nas 'yar Filifin ta sayi ɗaya. Da ta sake ganina a Ajman ta tsare ni, wai tana cikin karanta labarin wata yarinya da saurayinta ya tafi yaƙi, tana kuka, sai kawai aka koma bayanin yadda ake kiwon zomo. Na ce mata wataƙila sana'ar da ya kama ke nan da ya dawo. Ba ta yi dariya ba, sai da na ba ta wani littafin kyauta. Ka ajiye motarka a inuwa, ka rufe labule, kuma duk faifan da za ka sayar ka buɗe gidansa ka tabbata abin da aka rubuta a waje shi ne a ciki.

Akwai wata cuta kuma da nake jin tsoron ka gada, don na ga alamarta tun kana firamare. Mai sayar da littafi ba ya karanta hajarsa a bakin kasuwa. Ni a cikin Rumbu na koyi ɗan Turancin da nake taƙama da shi, kuma da na fara ganewa sai na zama abokin gābar masu saye. Akwai wani littafi mai hoton jirgin ruwa a bango, labarin wasu mutane da guguwa ta ɓatar a teku. Na kai inda ruwan shansu ya ƙare sai ga wani malamin makaranta ɗan Indiya ya nuna shi ya ce nawa. Na tsuga masa kuɗin da na san ba zai biya ba, ya ce ya saya. Sai na ce ai an riga an saya, na tura littafin ƙarƙashin cinyata na zauna a kai. Mahaifiyarka tana kallo. Da na tafi sallar la'asar ta aika aka kira shi ta sayar masa. Har yau ban san ko jirgin nan ya kai gaɓa ba. Na taɓa tambayarta ko malamin ya faɗa mata ƙarshen, ta ce ƙwarai, ya kai, kowa ya sauka ya tafi neman abin da zai ciyar da gidansa.

To, yanzu ga babban. Kai a nan ka tashi, inda ko ledar burodi da Larabci take zuwa, don haka sai na yi maka bayani. Mu a Kano an tarbiyyantar da mu cewa in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ka ɗauke ta ka soke a jikin bango, kada a taka, don ba ka san ko sunan Allah na ciki ba. Tarbiyya ce mai kyau, ban kuma yi nadamarta ba. Sai dai makon da na fara sauka Dubai aljihuna cike yake da rasit da takardar naɗe shawarma, ina tafe ina tsinta, har wani ɗan ɗakinmu ya zaunar da ni ya ce in na ci gaba a haka gwamnati za ta ɗauke ni aikin shara ba albashi. Na daina tsintar takarda, amma littafi daban ne a wurina.

Wata rana wani mai sito a Ras Al Khor ya ba ni wasu littattafai masu yawa, manya, bangonsu kore mai kauri, an yi rubutun da ruwan zinare, kowanne a liƙe cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Karatuna na allo ne, in babu wasali a kan baƙi sai in tsaya ina kallonsa yana kallona. Amma kore da zinare ai ba sai an faɗa maka ba. Na ce waɗannan manyan littattafan malamai ne. Irinsu kuwa ba a ajiye su ƙasa, ba a ɗora komai a kansu, ba a miƙe ƙafa ta wajensu. Wuri mafi tsawo a cikin Rumbu shi ne gadonmu, wanda yake can sama da kan direba. Na yi alwala na jera su a kai tsaf, na rufe da sabon zanen gado, mu kuma muka koma kwana a ƙasa, a ɗan lungun da ke tsakanin kwalaye da kicin.

Mahaifiyarka ta ce in buɗe ɗaya mu gani. Na ce in aka yage leda daraja ta faɗi, ni kuwa azumi nake jira in sayar wa masu neman lada. Ta ce to in kai wa liman ya karanta mana bangon. Nan ma na ƙi, kuma gaskiyar dalilin ita ce ina tsoron ya ce masha Allah, a bar wa masallaci. Ka ga inda tsoron Allah da son kuɗi suka haɗu a ƙirjin mutum ɗaya suka zauna lafiya. Haka muka yi ta yawo, Fujairah, Al Ain, Ummul Ƙuwain, littattafai na kan katifa, matata na kan ƙarfe. Kullum in ce mata na ɗan lokaci ne. Da farko tana magana, daga baya ta daina, sai murmushin nan kawai, ni kuwa na ɗauka haƙuri ne ya zauna mata.

Wata safiya ta ce in sauke ta a gidan yayarta, Hajiya Gambo, a nan Abu Hail, za ta gaishe ta. Na ga ta ɗauki tukunyar tuwo da muciya, amma ban kawo komai a raina ba. Don ka san irin mutumin da ya haife ka, tana sauka na ga kujerarta ba kowa, na ce alhamdu lillahi an samu wuri, na ɗora kwali a kai. Sai da na dawo ɗaukarta Hajiya Gambo ta leƙo ta sama ta ce ƙanwarta ta ce a gaishe da malaman da ke kan gado, in sun tashi ta dawo.

Na yi fushi, na ce mace ce ba ta san darajar ilimi ba. Na ci gaba da yawona ni kaɗai ina cin burodi da shayi, kuma ba na ɓoye maka, kewarta ta dame ni ƙwarai, girman kai ne kawai ya hana ni komawa. Ana haka na'urar sanyaya motar ta mutu, aka haɗa ni da Yohanna, mutumin Kafanchan mai gyaran firiji, wannan dai da yake zuwa mana barka da salla da 'ya'yansa. Na'urar a rufin mota take, daidai saman gado, dole a kwashe littattafan. Na ce ya dakata, ni zan sauke su da kaina. Ya ja gefe da ladabi ya ba ni wuri. Na yi alwala na fara saukewa, sai ɗaya ya suɓuce ya faɗi, ledar ta yage, ya buɗe a tsakiya. Ina salati ina istigfari, na ga Yohanna ya ƙura wa shafin ido. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amma wannan ai hoton kwamfireso ne, injin firiji."

Muka yage na biyu, muka yage na uku. Gaba ɗayansu littattafan koyon gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ne, na wata makarantar koyon sana'a da ta rufe. Yohanna ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe dariya don ganin girmana, daga baya ya fita ya zaga bayan mota, ina jin motar tana girgiza. Shi ya kwashe su duka, ya ce zanen ciki zai yi masa amfani.

Da shi na tafi biko, yana riƙe da littafi ɗaya a matsayin shaida, don na san in ni kaɗai na faɗa ba za a yarda ba. Hajiya Gambo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Mahaifiyarka ba ta yi ba. Na zaci za ta ce ai ta faɗa mini, na ma shirya amsa, amma ba haka ta ce ba. Cewa ta yi, "Malam, ko da na addinin ne, ni ma ai amana ce aka ba ka. Duk kwanakin nan ba ka taɓa tambayata ko bayana yana ciwo ba." Abba, na sha jin magana a rayuwata, amma ba wadda ta taɓa kunyata ni kamar wannan.

Ta dawo, amma da sharaɗi. Ta karɓi ragowar jan fenti a wurin Awudu ta ja layi a ƙasan Rumbu daga bango zuwa bango. Daga layin zuwa baya na littattafai ne, daga layin zuwa gaba, da gado da kujera da kicin, nata ne, ko takardar biza ba ta tsallakewa sai da izininta. Abin mamaki, tun daga lokacin cinikin ma ya fi tafiya, don dole na riƙa sayarwa kafin in ƙaro. Kuma ina gaya maka, da ban sauke littattafan nan daga inda suke ba, da yau ba ni da wanda zan rubuta wa wannan wasiƙa.

Saboda haka ka saurare ni a kan Bilkisu. Yarinyar nan ta bar fulat mai ruwan zafi da maƙwabta ta yarda ta bi ka cikin akwati mai taya, ba don tana son warin tsohuwar takarda ba, don kai ne. A gida in mace ta ji haushi tana da wani ɗakin da za ta shiga ta huce, a mota ba ta da ko'ina sai kujerar nan. In ka ɗora mata kwali a kai, ka gaya mata matsayinta ke nan ko ba ka buɗe baki ba. Kada ka jira ta yi ƙorafi, irin tarbiyyarta ba za ta yi ba. Ka ba ta fenti ta ja layinta tun kafin ku tashi, kuma ka riƙa tambayarta bayanta.

Kwalayen nan biyu kuwa kada ka zargi yaran gareji, ni na ɗauke su lokacin da kuka fita da Awudu neman batir. Bilkisu ce ma ta kama mini ɗaya har bakin tasi, ta ce a hankali, "Allah Ya ƙara girma, Baba." Ka ga ashe ba na ɗan lokaci ba ne a wurinta.

Sai dai akwai 'yar matsala. Ka san gidanmu ba fili, da na shigo da su na rasa inda zan sa, sai na ɗora a kan kujerar bakin taga, wadda mahaifiyarka take zama tana tsintar shinkafa. Na ce na ɗan lokaci ne. Na buɗe ɗaya don kawai in duba ko akwai danshi, sai ga wani mai hoton jirgin ruwa a bango. Ban tabbata shi ne ba, amma har an fara guguwa. Ɗazu ta dawo daga kasuwa ta tarar da ni ina karanta shi. Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta yi murmushi, sannan ta tambaye ni ko na ga inda ta ajiye muciya.

Don Allah ka biyo ta nan kafin ku kama hanya ka kwashe kwalayenka, ka sayar ko ka bayar, amma kada su koma gaban mota. Mai jirgin ruwan kaɗai za ka bar mini, a ƙarƙashin matashina zan sa shi. In kuwa ka zo ka tarar babu tukunya a kicin, to ka ɗauko Bilkisu ku same ni a gidan Hajiya Gambo, don wannan karon ba ni da Yohanna, ba ni da shaida.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa albarka a cinikinku, Ya haɗa ku da masu saye na kirki, Ya bar ku tare a kujerun gaba har tsufa. Ka gaishe mini da 'yata Bilkisu da kyau. Mahaifiyarka ma na san tana gaishe ku, ko da yake a halin yanzu ba ta ba ni saƙon da bakinta ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sule mai Rumbu.